Yadda Ake Duba Haɗurran Wurin Gini da Jirgi Mara Matuƙi

A duk inda ake gina bene mai hawa da yawa, ko gada, ko babbar ma'ajiyar kaya, akwai wuraren da jami'in kula da lafiyar ma'aikata ba ya iya kaiwa gare su sai ya jefa kansa cikin irin haɗarin da aka ɗauke shi domin ya hana: gefen rufi, bayan dandamalin da magina ke takawa, dogon hannun ƙugiyar ɗaga kaya, da bakin rami mai zurfi wanda ruwan sama ya jiƙa. Saboda wahalar isa gare su, waɗannan wurare ne aka fi tsallakewa a lokacin zagaye, kuma su ne suka fi cin rayuka. A Amurka, inda ake ƙididdige irin wannan mutuwa shekara-shekara, faɗowa daga sama ce ke kashe kusan mutum ɗaya cikin kowane uku da suka rasu a aikin gini, kuma tun 2018 hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta ƙasar, OSHA, ta ba jami'anta damar amfani da ƙananan jirage marasa matuƙa wajen bincike idan mai wurin ya amince. Irin waɗannan jirage sun riga sun shigo hannun 'yan kwangila da masu aikin safiyo a Abuja da Legas da Kano, sai dai galibi ana tashinsu ne don ɗaukar bidiyon da za a nuna wa mai gini ko a tallata aiki. Ɗaukar bidiyo mai ƙayatarwa daban, binciken haɗari daban. Jirgin ido ne kawai da aka aika sama, kuma amfaninsa ya rataya ne a kan tambayoyin da aka shirya kafin ya tashi da gyaran da aka yi bayan ya sauka.

Mataki na farko: a rubuta abin da ake son gani

Kafin a taɓa jirgi, injiniyan wurin da jami'in kula da lafiya da shugaban leburori su zauna da zanen ginin a gabansu, su rubuta tambayoyin da ke bukatar amsa a wannan makon. Tambaya mai kyau tana da wuri kuma tana da amsa, misali: shin an kewaye gefen dakin (wato shimfiɗar kankaren da ke raba hawa da hawa) na hawa na huɗu ta ɓangaren arewa da shinge, ko kuwa ƙasar da aka haƙo daga ramin magudanar ruwa ta matso bakin ramin? Wanda ya ce wa matuƙi, wato mai sarrafa jirgin daga ƙasa, ya je ya ɗauko komai zai dawo da ɗaruruwan hotuna waɗanda babu mai lokacin kallonsu.

A wannan zama ne kuma ya kamata a fayyace abin da jirgin ba zai iya gani ba, domin kada a dogara da shi a inda babu abin dogara. Kyamara ba ta sanin ƙarfin kankare, ba ta ƙirga rodin da aka riga aka binne a cikin ginshiƙi, kuma ba za ta faɗa ko an rage siminti a kwaɓi ba. Benen nan mai hawa 21 da ya rushe a titin Gerrard da ke Ikoyi a Legas ranar 1 ga Nuwamba 2021, ya kashe fiye da mutum 40, ya isa tunatarwa cewa akwai aibin da ke cikin tsarin gini da ingancin kayan aiki, wanda sai gwajin kankare da lissafin injiniya mai rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta Nijeriya, ne za su bankaɗo shi. Haka nan kusoshi da notukan dandamali, hoto zai nuna ko suna nan ko babu, amma sai hannu ya taɓa kafin a san ko sun ɗauru.

Mataki na biyu: izinin hukuma da yardar maƙwabta

A Nijeriya, tun shekarar 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama, NCAA, ta sanar cewa ba a yarda kowa ya tashi jirgi mara matuƙi ba sai da izininta da kuma amincewar Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Wannan ofishi ne ke bayar da takardar da ke tabbatar da wanda zai yi amfani da jirgin kafin a shigo da shi ƙasar, NCAA kuma ita ce ke ba kamfani takardar izinin yin aiki da shi. Idan ɗan kwangila zai ɗauko kamfanin da ke wannan aiki, ya nemi ganin takardun nan da idonsa, tare da shaidar horon matuƙin da takardar inshorar da za ta biya diyya idan jirgin ya faɗo kan mutum ko dukiya. Mai aiki a Nijar ya tuntuɓi hukumar ANAC, na Ghana kuma GCAA.

Tsayin da aka fi amincewa da shi a dokokin ƙasashe da yawa shi ne mita 120, wato ƙafa 400, tare da sharaɗin cewa jirgin ya kasance inda idon matuƙi ke ganinsa. Kusa da filin jirgin sama kuwa, wannan tsayi ma bai halatta ba sai da amincewar masu kula da sararin samaniya, kuma wannan ya shafi unguwanni da dama a Kano, domin filin jirgin Malam Aminu Kano a cikin gari yake. Barikin soja da gidan gyaran hali da fadar gwamnati duk wurare ne da ake nisanta. A farkon 2025 rundunar Operation Haɗin Kai ta sanar da haramta tashin irin waɗannan jirage a Arewa maso Gabas, don haka mai aiki a Borno ko Yobe ko Adamawa ya fara daga wurin jami'an tsaro kafin ya buɗe akwatin jirginsa.

Akwai wani izini da ba a rubuta shi a doka ba, amma a ganina ya kai na hukuma nauyi. Gidajenmu suna da tsakar gida a buɗe, inda iyali ke zamansu ba tare da tunanin wani na kallonsu ba, kuma kyamarar da ke sama da katanga tana keta wannan sirri ko da ba da niyya ba. Saboda haka a je wurin mai unguwa da ofishin 'yan sanda mafi kusa a bayyana ranar da za a tashi da sa'ar da dalilin, a kuma yi alkawarin cewa kyamara za ta fuskanci ginin ne kaɗai. Duk hoton da cikin gidan wani ya fito a ciki a goge shi nan take. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta shafi hotunan da ake iya gane mutum a cikinsu, har da na ma'aikatan wurin.

Mataki na uku: zaɓen jirgi da mutanen da za su riƙe shi

Don aikin bincike, abin da ya fi muhimmanci shi ne kyamara mai zuƙo abu daga nesa, domin ita ce ke ba matuƙi damar tsayawa can gefe, nesa da mutane da wayoyi, ya kuma ga abin da yake nema. Mavic 3 Enterprise na kamfanin DJI na ƙasar Sin, wanda ya fito a 2022, nauyinsa bai kai kilo ɗaya ba, yana iya yin kimanin minti 45 a sama idan babu iska, kuma yana da kyamara ta biyu ta zuƙowa. Ɗan'uwansa Mavic 3T yana da kyamarar da ke auna zafi. Babban aiki irin na gada ko madatsar ruwa ya fi dacewa da Matrice 350 RTK, wanda ya fi jure ƙura da yayyafi, sai dai nauyinsa ya haura kilo shida, kuma abin da ya fi nauyi ya fi ɓarna idan ya faɗo. Cikin tanki ko rami rufaffe, inda babu siginar tauraron ɗan'adam, akwai jirage na musamman da aka saka cikin keji, irin Elios na kamfanin Flyability na Siwizalan, kada a tura jirgi na yau da kullum irin wannan wuri.

Mutum uku ake bukata. Matuƙi hankalinsa na kan jirgi da rimot. Mai sa ido yana tsaye inda yake ganin jirgin da kewayensa, yana gargaɗi idan ƙugiya ta juyo, ko tifa ta shigo, ko shirwa ta fara shawagi kusa, domin manyan tsuntsaye kan kai wa waɗannan jirage farmaki. Na uku shi ne jami'in kula da lafiya ko injiniya, wanda ke kallon allo yana cewa a matsa nan, a zuƙo can. Matuƙi zai iya ƙwarewa a tuƙi amma bai san yadda ake tokare katakon zuba kankare ba, don haka ba daidai ba ne a bar shi shi kaɗai ya yanke hukuncin abin da ya cancanci ɗauka. Su ukun su riƙe oba-oba, tare da mai tuƙa ƙugiya idan akwai ta a wurin.

Mataki na huɗu: a taka wurin da ƙafa

Kwana ɗaya kafin tashi, a zagaya wurin a ƙasa ana ɗaga kai, ana sa alama a kan zane. Abin da ake nema shi ne duk abin da zai iya kama jirgi: wayoyin lantarki, igiyoyin da suka ɗaure turaku, wayar ƙugiya, rodin da ya yi tsini a saman ginshiƙai, hasumiyar sadarwa, da bishiyoyi. Na'urorin da ke hana jirgi karo suna ganin bango da kyau, amma sau da yawa ba sa ganin siririyar waya, kuma gilashi da ruwa mai sheƙi kan ruɗe su. Manyan layukan wuta masu ƙarfin 132 kV da 330 kV, har ma da na 33 kV da 11 kV da ke ratsa unguwanni, a ba su tazara mai yawa, domin ban da haɗarin karo suna iya dagula kamfas ɗin jirgin.

Wurin tashi da sauka ya zama fili shimfiɗaɗɗe a ƙasa, nesa da hanyar motoci, a kewaye shi da igiya, a shimfiɗa tabarmar sauka don kada farfela ta tayar da yashi ya shiga injina. Kada a tashi daga kan dakin ko kusa da tulin rodi, domin ƙarfen da ke cikin kankare yana karkatar da kamfas, kuma jirgin da ya tashi da karkataccen kamfas yakan fara kewaye a sama yana ƙin bin umarni. A keɓe wuri na biyu na saukar gaggawa a ɗaya ɓangaren ginin.

Akwai saiti guda da ake yawan mantawa da shi. Idan sigina ta yanke, jirgin yakan haura zuwa wani tsayi da aka saita masa, sannan ya miƙe kai tsaye zuwa inda ya tashi. Wajibi ne wannan tsayi ya wuce abu mafi tsawo a wurin, wanda galibi ƙugiya ce, da tazarar aƙalla mita 15 zuwa 20. Da yake gini kullum ƙaruwa yake yi, tsayin da ya isa a watan jiya zai iya gazawa a yau, don haka a sake duba shi a kowace ranar tashi. Idan kuma za a shiga ƙarƙashin gada ko rufi, a canza saitin ya zama jirgin ya tsaya cik inda yake, domin haurawa a irin wannan wuri karo ne.

Mataki na biyar: yanayi da batir

DJI ta ce Mavic 3 Enterprise yana jure iska har mita 12 a daƙiƙa, wato kimanin kilomita 43 a sa'a, amma wannan iyakar ƙarshe ce, kuma kusa da bene iska kan yi ƙarfi a kusurwa ta kuma murɗa a bayansa. Shawarata ita ce idan ta kai mita 8 a daƙiƙa a dakatar da aikin kusa da bango. A duba hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta Nijeriya, a kuma tuna cewa iskar da ke sama ta fi wadda ake ji a ƙasa. Da damina, iskar da ke gabatar hadari kan zo ba sallama, don haka da zarar gabas ta haɗe a sauko. Da hunturu kuwa hazo kan rage nisan gani ya kuma dusashe hoto, ƙurar kuma tana shiga injina da maɗaurin kyamara, sai a riƙa gogewa bayan kowane tashi.

Zafi ya fi komai cutar da batir. An ƙera wannan jirgi ne ya yi aiki har zuwa digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, alhali daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato da Maiduguri da Kano kan haura haka da rana tsaka. Mafita ita ce a tashi da sassafe. Kada a bar batir cikin mota a rufe, kada a sa shi caji yana da zafi daga saukowa, kuma duk wanda ya kumbura a cire shi daga aiki gaba ɗaya. A sa doka cewa idan caji ya sauko kashi 30 cikin 100 a juyo gida. Batirin da zai yi kwanaki ba a yi amfani da shi ba a ajiye shi da caji tsakanin kashi 40 zuwa 60.

Mataki na shida: a yi wa ma'aikata bayani

Da safe, kafin kowa ya hau sama, a tara ma'aikata a nuna musu jirgin a ƙasa, su ji ƙararsa, a gaya musu lokacin da zai tashi da inda zai bi, da alamar da za a bayar da usur idan an fara da idan an gama. Dalilin wannan babba ne: birkilan da ke tsaye kan katako a hawa na biyar, idan ya ji ƙara ba zato a bayansa ya waiga, waigawar nan kaɗai ta isa ta jefo shi. A kuma faɗa musu gaskiya cewa ba don a kama mai hutu ko a zaftare kuɗin yini ake ɗaukar hoton ba, sannan a cika wannan magana. Ranar da aka yi amfani da hoton jirgi aka yanke wa lebura lada, daga ranar ma'aikata za su koyi ɓuya idan sun ji ƙararsa, kuma abin da za a riƙa gani ba zai ƙara zama ainihin yadda ake aiki ba.

Ba a ratsawa da jirgi ta saman kan mutane. Abu mai nauyin kusan kilo ɗaya da ya suɓuce daga tsayin mita 30 zai faɗo ƙasa ne da gudu mai tsanani, hular kwano kuma ba ta kare kafaɗa da wuya. Aikin da dole sai an bi ta saman wurin baki ɗaya a yi shi kafin a fara aiki, ko lokacin hutun azahar, ko sa'ar da aka tafi masallacin Juma'a.

Mataki na bakwai: tashin kansa

A duba farfela ko akwai tsagewa, a tabbatar batir ya zauna daram, katin ajiya yana ciki, gilashin kyamara a goge, kuma jirgin ya kama taurarin ɗan'adam isassu ya yi rajistar wurin tashinsa. Idan ya tashi a tsayar da shi a tsayin mita biyu zuwa uku na rabin minti, a gwada gaba da baya da hagu da dama. Idan yana zamewa gefe shi kaɗai, a sauke shi a nemi dalili.

Zagayen farko na gani gaba ɗaya ne: a haura sama da komai, a kewaya iyakar wurin, a ɗauki hoto daga kusurwa huɗu. Daga nan ne ake ganin abin da mai tafiya a ƙasa ba ya lura da shi, wato inda hanyar tifa ta haɗu da hanyar masu tafiya da ƙafa, inda aka tare ƙofar fita da tulin bulo, inda aka ajiye jarkokin mai kusa da masu walda, da inda katangar wurin ta ɓalle har yaran unguwa ke shigowa.

Zagaye na biyu na taswira ne. Ana zana iyakar wurin a manhaja, jirgin ya bi layi-layi da kansa kyamara na kallon ƙasa, kowane hoto yana hawa kan ɗan'uwansa kamar yadda ake jera kwanon rufi, kimanin kashi 75 zuwa 80 ta gaba, kashi 60 zuwa 70 ta gefe. Manhajoji irin su Pix4D da DroneDeploy da DJI Terra, ko WebODM wadda kowa ke iya samun tushenta kyauta, su ne ke ɗinke hotunan su zama taswira guda da za a iya awo a kanta. Idan ana son awon ya zama abin dogara, mai safiyo ya kafa alamomi a ƙasa waɗanda ya auna matsayinsu, ko a yi amfani da jirgi mai RTK, wato fasahar da ke ƙara daidaiton auna matsayin jirgin.

A nan ya kamata a fahimci alaƙar tsayi da abin da hoto ke iya nunawa. Jirgi irin Phantom 4 RTK idan yana mita 100 a sama, kowane ɗigo guda na hotonsa yana wakiltar kimanin santimita 2.7 a ƙasa, a mita 10 kuma kimanin milimita 2.7. Ƙa'idojin aikin kankare na Birtaniya da Turai sukan iyakance faɗin tsagewa a milimita 0.3. Ke nan hoton taswira ba zai taɓa nuna irin wannan tsagewa ba, kuma rashin ganinta a hoto ba shaida ba ce cewa babu ita.

Zagaye na uku shi ne zuciyar aikin, wato bin tambayoyin da aka rubuta ɗaya bayan ɗaya. A tsaya mita 8 zuwa 10 daga bango, a bar kyamara ta yi zuƙowa, a bi fuska guda daga ƙasa zuwa sama kafin a koma wata. Kowane abu a ɗauke shi sau biyu, hoto mai faɗi da zai nuna a ina yake, da na kusa da zai nuna mene ne. Kusa da dogon bango siginar tauraron ɗan'adam kan raunana, jirgin ya fara zamewa, don haka matuƙi ya kasance ya iya riƙe shi da hannu, kada kuma a zagaya bayan gini inda ido ba ya gani. A sauko, a canza wurin tsayuwa.

A kan dandamalin magina, ana duba ko akwai katakon da ya ɓace ko ya lanƙwashe, ko an ɗaure dandamalin da jikin gini, ko ƙafafunsa na kan abu mai ƙarfi ba kan bulo ko ƙasa mai taushi ba, da ko an jibge masa kaya fiye da kima. Dokar aiki a sama ta Birtaniya ta 2005 ta ce shingen sama kada ya gaza milimita 950, giɓin da ke tsakanin shinge kada ya wuce milimita 470, a kuma duba dandamali duk kwana bakwai da bayan duk wani abin da zai iya raunana shi. Waɗannan ma'auni ne masu kyau ko a inda doka ba ta tilasta su ba. Inda ake amfani da gora da itace, a zuƙo kan maɗaurai, domin nan ne ruɓewa da sassautawa ke fara bayyana.

A kan dakin da rufi, ana neman gefen da ba a kewaye ba, da ramukan da aka bari na matakala ko na lif ko na bututu waɗanda ba a rufe ba ko aka rufe da falle marar ƙarfi. Ƙa'idar OSHA ita ce a samar da kariya ga duk mai aikin gini da ya kai tsayin mita 1.8. Idan an ga mutum sanye da ɗamarar kariya, a bi igiyar da kyamara har inda aka maƙala ta, domin sau da yawa tana reto ne ba a maƙala ta ko'ina ba. Tsani ya kamata ya zarce inda ake sauka da kimanin mita ɗaya, ƙafarsa kuma ta fito mita ɗaya a kowane mita huɗu na tsayi.

Rami shi ne wurin da jirgi ya fi nuna amfaninsa, saboda tsagewar da ke bin bakin rami, wadda ke nuna gefen na shirin zaftarewa, daga sama aka fi ganinta. A ƙa'idar OSHA, ƙasar da aka haƙo ta nisanci baki da aƙalla santimita 60, ramin da zurfinsa ya kai mita 1.5 a tokare gefensa ko a kwantar da shi, wanda ya kai mita 1.2 kuma a sa masa tsani inda ma'aikaci ba zai yi tafiyar da ta wuce mita 7.5 kafin ya kai gare shi ba. A lura da ruwan da ya taru a ciki, da katafila ko tifa da aka tsayar dab da baki.

Ƙugiya kuwa sai an tsayar da ita, mai tuƙa ta ya tabbatar ta oba-oba, kafin jirgi ya kusance ta. Ana duba tsatsa da lanƙwasa a jikin hannunta, da zaman waya a kan ƙafafun da take bi, da tazararta da layin wuta, wadda ba ta gaza mita uku ko a layi mai ƙaramin ƙarfi. Duk wanda ya tuna ƙugiyar da iska ta kayar a Masallacin Harami a Makka ranar 11 ga Satumba 2015, ta kashe fiye da mutum 100, ya san cewa yadda aka bar ƙugiya bayan tashi daga aiki ma abin dubawa ne. Mai kyamarar zafi ya bi kan akwatunan rarraba wuta da mahaɗar wayoyi a lokacin da injina ke jan wuta, domin mahaɗar da ta sassauta takan fi maƙwabtanta zafi. Danshi a ƙarƙashin rufi kuma ya fi fitowa bayan faɗuwar rana.

Idan aka hangi abin da zai iya kashe mutum a yanzu, kada a jira rahoto. A kira shugaban leburori ta oba-oba a dakatar da aikin wurin, a janye jirgin nesa tukuna don kada ya firgita wanda ke cikin haɗarin.

Mataki na takwas: daga hoto zuwa gyara

A ranar da aka tashi, a kwashe hotuna zuwa wuri biyu, a sa musu suna da kwanan wata da ɓangaren gini da hawa. Jami'in kula da lafiya da injiniya su duba su a babban allo, domin abin da ya ɓuya a allon rimot yakan fito a kwamfuta. Kowane aibi a zagaye shi a kan hoto, a nuna wurinsa a taswira, a sa shi cikin ɗayan rukuni uku: wanda ake dakatar da aiki saboda shi, wanda za a gyara kafin gobe, da wanda zai iya jiran ƙarshen mako. Gaban kowane ɗaya a rubuta sunan wanda zai gyara da ranar da zai gama. Wanda hoto bai fayyace ba a tura ƙwararre ya hau ya taɓa, ta hanya mai aminci.

Washegari da safe a nuna wa ma'aikata biyu ko uku daga cikin hotunan, bayan an rufe fuskokin mutane. Gani ya kori ji, kuma kafinta da ya ga giɓin da ke bayan inda ya tsaya jiya ba ya bukatar dogon wa'azi. A haɗa da hoton wurin da aka yi aiki daidai, a yaba wa waɗanda suka yi.

Ba a rufe wani aibi a littafi sai an sake ɗaukar hotonsa daga kusurwar da aka ɗauka da farko, an ajiye na da da na yanzu gefe da gefe. Shi ya sa ake adana hanyar da jirgin ya bi a manhaja, don a maimaita ta daidai a mako mai zuwa. Tashi sau ɗaya a mako ya wadatar a yawancin wurare, a ƙara da tashi na musamman bayan ruwan sama mai ƙarfi ko guguwa, da kwana ɗaya kafin zuba kankaren dakin domin a duba turakun tokare da ake iya hangowa daga waje, da duk lokacin da aka ƙara wa dandamali ko ƙugiya tsayi. A littafin jirgin a rubuta sunan matuƙi, da sa'ar tashi da sauka, da batirin da aka sa, da ƙarfin iska, da duk wata tangarɗa ko da ba ta jawo komai ba. Hotunan kuma a taƙaita masu ganinsu ga injiniya da jami'in kula da lafiya da mai aikin, kada su fita zuwa WhatsApp ko Facebook, a kuma sa ranar da za a goge waɗanda ba su shiga rahoto ba.